Ƙullin da Nomau Ya Gyara

"Faɗi ladanka, ya jikan Makau," in ji baƙon, "ni kuma in faɗi abin da za ka ajiye jingina."

Ina cikin ramin ƙasa a lokacin, laka har gwiwa, rana ta take tsaka, ina cuɗa ƙasar tubali. Na ɗaga kai na dube shi. Dogo ne kamar azara, rawaninsa fari fat, amma ba shi da inuwa, kuma ƙudan da suka dame ni tun safe duk sun watse. Ni Bagudu, shekarata arba'in ina gini a garin Ƙwazari, na yi ciniki da fatake, na yi da 'yan kwangila, na san wanda ake yi wa wargi da wanda ba a yi wa. Sai na goge hannu na ce, "Ranka ya daɗe, a fara faɗin aikin tukuna. Ba na cinikin biri a sama."

Ya ce, "Sunana Zunguru, jakadan Sarauniya Dalma ta Birnin Ɓoye, birnin aljannu. Shekara ɗari muna shan inuwa a zauren da kakanka Makau ya gina, har mutanenku suka rushe shi don faɗaɗa hanya. Irin ƙofar wannan zaure muke so. Maginanmu sun tada ƙofa dubu, hasken safiya ya ƙi shiga ta ko ɗaya. Ka zo da igiyar kakanka ka gina mana."

To, igiyar nan ita ce duk gadon gidanmu. Ta rama ce, taƙi ashirin da ɗaya, wato ka ware babban yatsa da na tsakiya sau ashirin da ɗaya. Ƙulli ɗaya ne a jikinta, ya bar tsakiya ya karkata gefe. Dogon ɓangaren shi ne tsayin ƙofa, guntun shi ne faɗinta. Duk ƙofar da aka yi da wannan awo, mai wucewa sai ya waiwaya, bai ma san abin da ya waiwayar da shi ba. Tun ina ƙarami ubana ya nuna mini wasanta: ka ninka guntun a kan dogon, za a yi saura. Ka ɗora sauran a kan guntun, za a sake yin saura. Haka za ka yi ta yi har yatsunka su gaji, ba ta mutuwa. Ban taɓa tambayar a ina takamaimai ƙullin ya zauna ba. Wanda ya gaji rijiya, ina ruwansa da zurfinta?

Jakada ya ce, "Kafin ka ɗora tubali ko ɗaya, Sarauniya za ta ninka igiyar sau bakwai. In akwai saura bayan na bakwai, ko da faɗin farce ne, ka ci. In ta mutu a hannunta kafin nan, hannunka na dama ya zama namu."

Na yi dariya a zuciyata, don na san igiyata. Na ce, "Na yarda. Ladana kuwa, ramin ƙasar gini nake so wadda ruwan sama ba ya ci, a nan bayan gari."

Muka tafa. Hannunsa sanyi ƙalau kamar gindin randa. Ya ce jibi war haka zai zo ya tafi da ni.

Da na isa gida na miƙa hannu ga ƙusar da nake rataye igiyar, babu ita. Uwargida ta ce ai Nomau ya are ta tun shekaranjiya, zai ɗaure buhunan gero a bayan jaki. Nomau mijin ƙanwata ne, ma'aunin hatsi a kasuwa, mutumin da in ka ba shi ƙwayar gyaɗa ɗaya sai ya nemi wuƙa ya raba ta daidai. Igiyar Makau a bayan jaki! Ban gama zagin da ke bakina ba sai ga shi ya yi sallama, yana washe baki, igiyar a naɗe a kafaɗa.

"Yaya, ga kayanka, kuma ka gode mini," in ji shi. "Shekara nawa kana aiki da karkataccen awo ba ka lura ba? Ƙullin ya zame gefe. Na kwance shi, na jiƙa igiyar, na buge ta da tabarya ta miƙe sarai, na mayar maka da shi tsakiya cif. Allah ba ya son tauye mudu."

Jama'a, na fizge igiyar na bi ta da yatsa daga kai zuwa kai, ko alamar tsohon ƙullin babu, tabarya ta cinye ta. Na ninka sau ɗaya, baki ya haɗu da baki, ta mutu murus a ninkin farko.

Na ce, "Nomau, wa ya aike ka?"

"Taimako ne, Yaya."

"Taimakon da kura ta yi wa akuya! Ka san hannuna ka buge da tabaryar nan?"

Washegari na zaga gari ina auna ƙofofin da na gina da kaina, ko zan gano wurin. Ina! Ginin laka ne, kowace shekara ana yaɓe, bakin kowace ƙofa ya cike da yatsa biyu ko uku, wannan ta ce nan, waccan ta ce can. Zauren kakana kuwa motoci ke bi ta kansa.

Ranar alkawari na riƙe wuyan rigar Nomau har bakin rami. Na ce in za a sare hannuna, a sare yana kallo. Shi kuwa, don rashin kunya, da ya ga Jakada bai ko gaishe shi da kyau ba sai ya ce, "To in ana raba wahala da ni, a raba lada da ni. Ranka ya daɗe, ka zama shaida."

Jakada ya ce, "Na shaida." Ni haushi ya hana ni magana, kuma wannan shirun ya ci ni daga baya.

Jakada ya ajiye katantanwa a ƙasa ya hura mata iska, ta kumbura har bakinta ya kai girman zaure. Ya ce, "Ku shiga ku bi murɗinta. Ni zan jira ku a ganuwar birni. Abin da kuka tarar a hanya naku ne." Muka shiga. Ɗaki na bin ɗaki, kowanne ya fi na bayansa ƙanƙanta amma fasalinsu ɗaya, muna juyawa muna juyawa har muka faɗo wani fili.

Wannan ita ce ƙasar Raba-Daidai. Itatuwansu reshe biyu ne rak, ɗaya dama ɗaya hagu, ba inuwar da za ta rufe kaza. Mutanensu kowanne rabin mutum ne, ido ɗaya, hannu ɗaya, ƙafa ɗaya, suna tsalle. Nomau ya dubi gonakinsu ya ce, "Yaya, ka ga inda ake adalci." Bai rufe baki ba suka kewaye mu da zarto.

Babbansu ya ce, "Ya ku baƙi, ba a shiga ƙasarmu da cikakken jiki. Za mu raba ku a tsakiya, rabi ya wuce, rabi ya zauna. Da wa za a fara?"

Na ce, "Da mai son adalci, ranka ya daɗe."

Suka kwantar da Nomau yana kiran sunan ƙanwata. Wallahi na so in bar su su ɗan taɓa shi. Amma na tuna in sun gama da shi kaina za su dawo. Sai na ce, "Ya shugaban masu rabo, a ina za ku sa zarton?"

"A cibiya, nan ne tsakiyar mutum."

"A auna tukuna. Kada ku tauye rabi ɗaya, ku ji kunya a ƙasarku."

Suka auna daga tafin ƙafa zuwa cibiya, suka auna daga cibiya zuwa ƙoƙon kai. Na ƙasa ya fi na sama tsawo nesa ba kusa ba. Nan fa gardama ta kaure. Wasu suka ce cibiya ce tsakiya tun da nan aka ƙulle mutum, wasu suka ce awo ne tsakiya. Suka saki zarto suka kama wuyan juna da hannu ɗaya ɗaya. Na ja ƙafar Nomau muka zura da gudu. Ina gudu ina tunani: ashe Ubangiji ma da ya ƙulle ɗan Adam bai sa ƙullin a tsakiya ba, kusan inda na kakana yake ya sa shi. Sai dai cibiya ba ta isa awo ba, don ta wani ta fi ta wani hawa.

Muka iso bakin wani kwazazzabo wanda in ka jefa dutse ba ka jin faɗuwarsa. Ba gada. Wani rago ne kwance a bakin, girmansa ya kai rumbu, ƙahonsa ya murɗe ya murɗe ya miƙa sama da ramin, saura kaɗan ya taɓa wancan gefe.

Ya ce, "Ya 'ya'yan Adam, ƙahona ne hanya, amma bai isa ba sai ya yi tohon bana, kuma ba ya toho sai an faɗi adadinsa. Shekarar fari ya ƙaru da taƙi ɗaya, ta biyu ɗaya, ta uku biyu, ta huɗu uku. Bara waccan biyar, bara takwas. Ku hau, ku faɗi na bana daga can ƙarshe."

Muka hau muna rarrafe. Da muka kai tsinin, iska na kaɗa mu, Nomau ya ɗaga murya: "Biyar da takwas, a haɗa a raba biyu, shida da rabi!"

Ragon ya yi atishawa. Ƙahon ya girgiza, hulata ta tafi, takalmin Nomau ya bi ta, ni kuma na rataye da hannun nan na dama da ake shirin sarewa, Nomau na rataye a ƙafata. Na ce, "In ka sake raba wani abu yau, ni zan sake ka!"

Ina lilo ina kallon zoben ƙahon. Karatu ban yi mai nisa ba, amma na jera tubali fiye da gashin kaina, idona ya san jeri. Na ga kowane toho tsawon na bara ne da na bara waccan a haɗe, ɗa ya ɗauki ubansa da kakansa. Na yi ihu, "Goma sha uku, ya tsohon dutse!"

Ƙahon ya yi ƙara ya miƙe, ya dire mu a wancan gefe.

Ina sauka na zauna na zaro igiya. Takwas da sha uku, ashirin da ɗaya ke nan, daidai tsawon igiyar Makau! Na kwance aikin Nomau na ƙulla a taƙi na takwas. Da ido ma na ga wurin ya yi kama da na da. Na fara ninkawa. Na fari, saura biyar. Na biyu, uku. Na uku, biyu. Na huɗu, ɗaya. Na biyar, ɗaya. Na shida, baki ya haɗu da baki, ta mutu.

Nomau ya leƙo ya ce, "Ai shida ma ba laifi, Yaya. Ka roƙi ragi."

Da na biye masa, da yanzu ƙanwata ta daɗe da fita takaba.

Muka ci gaba har muka hango ganuwar Birnin Ɓoye, baƙa ƙirin, Jakada na tsaye a gindinta. Tsakaninmu da shi akwai wani fure guda, faɗinsa ya kai masussuka, yana bin rana da fuska, ƙudan zuma masu girman tattabaru na gadinsa. Wata tsohuwa na zaune a ƙarƙashinsa tana tace zuma da rariya.

Ta ce, "Ya magini, na ga mutuwar igiya a fuskarka. 'Ya'yan furen nan a jere suke, layi na murɗawa dama, layi na murɗawa hagu. Ka ƙirga layukan kafin ya juya yamma. Wanda ya taɓa ƙwaya ɗaya da yatsa, ƙudan zumana za su harbe shi."

Na ce wa Nomau, "Kai ma'auni ne, ƙirga kaɗai ka iya a duniya. Kama na hagu, kuma ka sa hannuwanka a hammata." Muka hau kan ganyen muna ƙirge da ido, zuma na shawagi a kunnuwanmu, furen na juyawa a hankali ƙarƙashin ƙafafunmu. Ɗaya ta sauka a kan hancin Nomau ta zauna, ya ci gaba da ƙirga hawaye na zuba. Ya ce ashirin da ɗaya. Ni na samu talatin da huɗu.

Sai abin ya faɗo mini. Takwas da sha uku, ashirin da ɗaya. Sha uku da ashirin da ɗaya, talatin da huɗu. Ashe lissafin ragon bai tsaya inda na tsaya ba, gaba yake yi, kuma kowane mataki ya fi na baya kusa da gaskiya. Na bar taƙi na koma faɗin tafin hannu, don ya fi ƙanƙanta. Igiyar ta ba ni tafi hamsin da biyar, wato ashirin da ɗaya da talatin da huɗu a haɗe, da ɗan wutsiya, na datse wutsiyar da haƙori, Allah ya gafarta wa Makau. Na ƙirga ashirin da ɗaya na ƙulla. Daga inda na sa shi ɗazu bai matsa ba sai kamar faɗin ƙwayar wake. Kan ƙwayar wake ake neman hannun mutum! Ban samu damar gwadawa ba, Jakada ya ɗaga sanda ya ce lokaci ya yi.

Cikin birnin kullum kamar bayan magariba ne, ga gidaje na azurfa amma ba mai ganin kyansu. Sarauniya Dalma na zaune a kan karaga, gashinta ya sauka ya bi matakala, a gefenta wani ƙato riƙe da gatari, an riga an ajiye turmi inda zan ɗora hannu.

Ta ce, "Ya jikan Makau, miƙo abin da ka zo da shi, ka ɗora abin da ka ajiye."

Na miƙa igiya, na ɗora hannu a kan turmi. Ta ninka, saura sha uku. Ta ninka, takwas. Biyar. Uku. Ƙaton ya gyara tsayuwa. Biyu. A na shida saura tafi ɗaya, gatari ya tashi sama, na ji Nomau na salati a bayana. Ta ɗora na bakwai a hankali, ta ɗaga igiyar kowa ya gani: tafi ɗaya na reto a bakin yatsunta.

Sai na ga ta kama sauran za ta sake ninkawa. Na ce, "Ranki ya daɗe, bakwai muka yi da jakadanki. Na takwas sabon ciniki ne."

Ta dube ni, sannan ta yi murmushi. "Ka san za ta mutu a na takwas."

"Na sani, ranki ya daɗe. Shi ya sa na yi magana."

Ta ce, "Awon na gaskiya ba ya mutuwa ko an ninka har tashin duniya, kuma ba mai ƙirga da zai kama shi. Yana cikin katantanwa, yana cikin ƙaho, yana cikin fure. Ku 'yan Adam kusa kawai kuke zuwa. Ɗauke hannunka ka yi gini."

Aljannu suka yi ta miƙo tubali, kafin in ce a kawo sun kawo. Na tada tsayi da dogon ɓangare, na buɗe faɗi da guntun, na rufe kai. Ina ɗora yaɓen ƙarshe sai hasken safiya ya shigo ta ƙofar kamar an ɓalle dam, ya bi titi-titi, azurfa ta kama walƙiya, birni ya ɗauki guɗa. Na ce a raina, Bagudu, yau ka gama wahala.

Sai Jakada ya matso ya ce, "Ranki ya daɗe, akwai shaida a wuyana. Wannan na biyun ya nemi a raba lada da shi, magini kuma bai musa ba."

Nomau ya yi wuf ya ce, "A raba daidai, ranki ya daɗe!"

Ta ce, "Ba a raba daidai a birnin nan. Da igiya za a raba ramin, dogo da guntu." Na ji daɗi, na ce ai dogon ba sai an tambaya ba. Sai ta juyo gare ni. "Ya magini, shekara arba'in kana riƙe da ƙullin kakanka. Ka san dalilinsa?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"Yau fa?"

"Yau ko a igiyar guga zan ƙulla shi."

"To wanda ya kwance maka shi, shi ya koya maka. Ladan malami ya fi na ɗalibi. Dogon ɓangare nasa ne. Igiyar kuma ta zauna a nan, tun da ba ka bukatarta."

Malami! Mutumin da ya bugi gadon gidanmu da tabarya! Na buɗe baki zan yi magana, na ga ƙaton bai ajiye gatarin ba tukuna, na rufe.

Muka buɗe ido muka gan mu a bayan garin Ƙwazari, ga sabon rami, ƙasarsa ja wur, an kafa turaku an raba shi. Ƙasar kuwa gaskiya ce, damina tara ke nan ba ginin da na yi da ita da ya zubar da ko yaɓe. Shi ya sa nawa guntun ya ƙare tun a shekara ta huɗu. Nomau bai taɓa ɗora tubali a kan tubali ba, nasa na nan, kuma a wurinsa nake saye. Da mudu yake auna mini, yana shafe bakin da tafin hannu kada ƙwaya ta hau.

In ana son a san wanda ya ci da wanda ya faɗi, ga shi. Aljannu sun samu ƙofa, sun samu haske, sun riƙe igiyar Makau. Nomau ya rasa takalmi ɗaya ya samu babban rami, kuma har gobe yana zaune a kasuwa yana gaya wa mutane yadda ya gyara wa Yayansa awo. Ni kuwa, da na rataya a kan kwazazzabo, na ƙirga fure cikin zuma, na gina ƙofar da aka tada sau dubu aka kasa, ribar da na dawo da ita gida ita ce hannuna na dama, wanda da ma nawa ne.